Sana'ar Share Bututun Iska: Me Ake Koya, Wa Ke Ba Da Shaida?

A gidaje da yawa na Amurka da Kanada ba kowane ɗaki ke da na'urar sanyaya iska tasa ba. Inji guda ne a ƙasan gida ko cikin rufi, shi ke ɗumama iska lokacin sanyi, ya sanyaya ta lokacin zafi, sannan ya tura ta cikin bututun da ke bin bango da silin zuwa kowane ɗaki. Wani bututun kuma ya jawo ta ta koma wurin injin. Yau da gobe ƙura da gashin dabbobi da tarkacen gini sukan taru a ciki, kuma share su ya zama sana'ar da mutane ke ci da iyalinsu.

Sai dai mai gida ba ya ganin cikin bututun. An share ko ba a share ba, maganar ma'aikaci kawai zai ɗauka. Wannan ya buɗe wa 'yan ci-da-ceto ƙofa: su yi tallan farashi mai arha, su zo su goge bakin bututu, sannan su ce sun gano funfuna mai haɗari, a ƙaro kuɗi. Saboda haka ne takardar shaida ta yi nauyi a sana'ar.

Wadda aka fi sani ita ce ta NADCA, ƙungiyar masu wannan aiki da aka kafa a Amurka a 1989. Takardarta ta farko ana ce mata ASCS, kuma sai an ci jarrabawa a kan yadda injin ɗumama da sanyaya iska ke aiki, da dabarun shara, da kariyar lafiya, da ƙa'idar aiki ta ƙungiyar mai suna ACR. Kowace shekara ake sabunta ta, tare da nuna cewa mutum ya ƙaro ilimi. Kamfanin da ke son shiga ƙungiyar dole ya kasance da aƙalla mutum ɗaya mai wannan takarda, da kuma inshora. Akwai wata, CVI, ta masu duba bututu su rubuta rahoto.

Wani abu da sabon shiga kan ruɗe a kai shi ne, wannan shaida ta ƙungiya ce, ba lasisin gwamnati ba. Lasisi harkar jiha ce, kuma jihohi irin su Kalifoniya da Fulorida da Teksas da Mishigan suna da nasu sharuɗɗan. Ita kuwa hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ba ta ba kowa shaidar share bututu, don haka duk wanda ya ce yana da ita ƙarya yake yi. Shaidar da dokarta ta tanada, a ƙarƙashin sashe na 608, ta masu taɓa gas ɗin sanyaya iska ce.

Ainihin horon a wurin aiki yake. Ana yanka ƙofa a jikin babban bututun, a jona ƙaton tiyo na injin zuƙar ƙura, a toshe kafofin iska na ɗakuna. In aka tayar da injin, iskar cikin bututun duka wajensa take nufa. Sannan a riƙa buɗe kafofin ɗaya bayan ɗaya, ana zura buroshi mai juyawa ko bulalar roba da iska ke kaɗawa, ƙurar da ta maƙale ta saki, injin ya janye ta. Idan injin a cikin gida yake fitar da iskarsa, sai da matata ta HEPA, wadda ke tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu girman maikron 0.3. Wanda ya tsallake wannan tsari, ƙurar da ke kwance lafiya ya tayar ya watsa wa masu gida. Bayan nan a share fanka, da naɗaɗɗen bututun sanyi, da tiren da ke tare ruwa, a kuma rufe ƙofar da aka yanka ruf, kada iska ta yi yoyo.

Ba kowane bututu ke jure buroshi ba. Mai lanƙwasa yana yagewa. Wanda aka shimfiɗa wa audugar gilashi a ciki, in ya jiƙe ya yi funfuna, ba ya sharuwa, sai dai a sauya shi. A tsofaffin gidaje kuma akan tarar da asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo ciwon daji. Nan ma'aikaci tsayawa yake yi, a kira masu lasisin cire shi. Kashe wuta da kulle makunni kafin a sa hannu a fanka, wannan darasin ranar farko ne.

A ganina, darasin da ya fi wuya shi ne sanin lokacin da za a ce wa mai gida ba ya buƙatar aikin. Tun 1997 EPA ta bayyana cewa ba a tabbatar share bututu yana hana rashin lafiya ba. Ta ce a yi shi in an ga funfuna ƙuru-ƙuru, ko ɓeraye da ƙwari sun shiga, ko ƙura ta cika har tana fesowa cikin ɗaki. Kuma in danshi ne tushen matsalar, share bututu ba tare da gyara yoyon ba aikin baban giwa ne.

A Birtaniya hankali ya fi karkata ga bututun hayaƙin kicin na gidajen abinci, inda maiƙo ke taruwa har ya ta da gobara. Ƙungiyar BESA ce ke da ƙa'idar TR19, kuma kamfanonin inshora kan nemi shaidar an bi ta.

A wajenmu gidaje ba su cika amfani da bututu ba, amma manyan otal-otal da asibitoci da kantunan zamani na Abuja da Kano suna da shi, ga kuma ƙurar hunturu. Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki da ke son faɗaɗa sana'arsa ya riga ya san injin. Abin da ya rage masa shi ne ya zauna ƙarƙashin wanda ya ƙware a aikin bututu, ya kuma tanadi kuɗin injin zuƙa, wanda ya fi kuɗin jarrabawa nesa ba kusa ba.