Wayar Gida Ta Intanet a Abuja: Kayan Naka Ne, Nauyin Ma Naka Ne

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2024, duk mai son kiran lambar wayar girke a Abuja sai ya fara da 0209, maimakon 09 da aka saba. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, mai hedikwata a Maitama, ita ce ta sauya tsarin, ta ƙara 02 a gaban kowace lambar girke: ta Legas ta koma 0201, ta Kano kuma 02064. Da yawa daga cikin waɗanda suka ji sanarwar sun yi mamaki, ashe har yanzu akwai wayar girke a ƙasar nan? Tana nan. Sai dai yawancin layukan da ke aiki yau ba su bin tsohuwar wayar tagulla ta zamanin NITEL. Ta cikin intanet muryar ke tafiya, wato fasahar da ake kira VoIP.

Wanda ya yi wayo kafin 2001 ya san wahalar da aka sha. An kafa NITEL, kamfanin wayar gwamnati, a 1985, amma har zuwa ƙarshen ƙarnin, layukan girke a faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, ga jama'a sama da miliyan 100. Mutum ya cike takarda ya yi ta jira, wani lokaci shekaru. Da aka yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001 kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan shekarar, sai kowa ya juya wa wayar tebur baya. NITEL ta yi ta dusashewa har aka sayar da kadarorinta ga rukunin NATCOM, wanda ya fito da sunan ntel a 2016.

To, me zai sa magidanci a Gwarinpa ko Lugbe ya sake waiwayar wayar gida? Dalilan ba su da wuyar fahimta. Akwai gidajen da sabis ɗin salula ba ya shiga cikin ɗakunansu saboda kaurin gini. Akwai dattijuwar da ba ta son wayar shafa, ta fi gane ta ɗaga kan tarho ta ce "salamu alaikum". Akwai iyayen da ke son su samu yaransu a gida ba tare da sun damƙa musu babbar waya ba. Ga masu kemis, makarantun kuɗi da ƙananan asibitoci da ke son lamba ɗaya tsayayya, wadda ba za ta bi ma'aikaci ba ranar da ya bar aiki. WhatsApp ba ya cike wannan gurbi, domin mai WhatsApp kaɗai yake kira. Layin VoIP mai lamba kuwa yana kiran kowace waya, kowace waya kuma tana kiransa.

Yadda murya ke bin intanet

Idan ka yi magana, na'urar na mai da sautin lambobi, ta yanka shi gunduwa-gunduwa, galibi gunduwa 50 a kowace daƙiƙa. Kowace gunduwa tana tafiya a ƙunshinta, a can ɗaya gefen a sake jera su. Ƙa'idoji biyu ke riƙe da aikin. Ta farko SIP, wadda aka daidaita sigarta ta yanzu a 2002. Ita ke yi wa wayarka rajista a wurin kamfani, ta sa waya ta yi ƙara, ta kuma katse kira. Ta biyu RTP, ita ke ɗaukar muryar kanta.

Abin mamaki, murya ba ta cin data sosai. Tsarin G.711, wanda ya fi kowane yaɗuwa, yana buƙatar kilobit 64 a daƙiƙa, da ɗan ƙari na bayanan ƙunshi bai kai kilobit 100 ba a kowane ɓangare. Hirar awa guda ba ta cinye megabait 100. Abin da murya ba ta jurewa shi ne jinkiri da tangal-tangal. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin tafiya ɗaya ya wuce kashi 150 cikin 1,000 na daƙiƙa. In ya wuce haka da yawa, sai ku riƙa cin karo da juna a magana. Shi ya sa ƙaramin layin fayiba mai tsayawa daram ya fi wa waya amfani a kan layi mai gudun tsiya da ke hawa yana sauka.

Kayan da za ka mallaka

Abu uku ne. Na farko rauta, mai raba intanet ga na'urorin gida. Na biyu, in kana da tsohon tarho a ajiye, akwai ɗan akwatin da ake kira ATA, irin Grandstream HT801 ko Cisco SPA112. Gefe ɗaya ka soka tarhon, ɗaya gefen kebul daga rauta. Na uku, in ba ka son akwatin, sai ka sayi tarhon da aka ƙera don intanet tun asali, irin na Yealink. A Abuja, masu neman irin waɗannan kaya kan nufi Banex Plaza a Wuse II da shagunan kewayenta, ko su yi oda daga Computer Village ta Ikeja.

A nan ne ake fara tuntuɓe. Da yawa daga cikin na hannu da ke shigowa daga Amurka da Ingila wani kamfani ne ya raba wa abokan cinikinsa, ya kulle saitin. Za ka jona, fitila ta kama, amma ba inda za ka rubuta bayananka. Araha ba ta ado; kafin ka miƙa kuɗi, ka sa mai shago ya buɗe maka shafin saitin ka gani da idonka. Haka kuma Dokar Sadarwa ta 2003 ta ɗora wa NCC tantance nau'in kayan sadarwa kafin a sayar da su a ƙasar nan, kuma hukumar tana wallafa jerin waɗanda ta amince da su.

Kayan ƙarfe kaɗai ba sa ba ka layi. Sai kamfani mai lasisi ya ba ka lamba da abubuwa uku: adireshin sabarsa, sunan shiga, da kalmar sirri. Wasu kamfanonin fayiba sukan saka layin muryar a cikin akwatinsu na bango, mai ƙofar tarho a bayansa, su riƙe bayanan a hannunsu. In haka ne, rautarka za ta yi aikin intanet, amma wayar dole ta zauna a jikin akwatinsu. Wannan taƙaddama kan 'yancin jona kayanka ta daɗe a duniya. A Amurka sai a 1968, da hukuncin Carterfone, aka ba mutane damar jona kayan da ba na kamfanin AT&T ba. A Jamus kuwa, tun 1 ga Agustan 2016 doka ta ba kowa 'yancin zaɓen rautarsa, ta kuma wajabta wa kamfani ya ba shi bayanan shiga. Mai saye a Abuja ya tambaya ko za a ba shi bayanan shiga tun kafin a ja masa kebul.

Inda rauta ke kawo cikas

Rauta kamar mai gadin ƙofa take: duk wanda zai fita daga gida tana barinsa ta rubuta sunansa, amma baƙo ba ya shiga sai in amsa ya kawo wa wani na ciki. Kira mai shigowa kuwa baƙo ne. Saboda haka wayar kan riƙa aika ɗan saƙo zuwa sabar kamfani lokaci-lokaci don ƙofar ta zauna a buɗe. In tazarar saƙon ta yi tsawo, za ka iya kira, amma masu nemanka su ce layinka ba ya shiga. Maganinsa a rage tazarar sabunta rajista a saitin wayar.

Matsala ta biyu ita ce "ina jinka, ba ka jina". Sau da yawa tana faruwa ne idan ka jona rautarka a bayan ta kamfani, aka samu shinge biyu. Sai ka roƙi kamfanin ya mai da akwatinsa gada kawai, rautarka ta karɓi ragamar. Akwai kuma wani saiti mai suna SIP ALG da ke zuwa a kunne a rautoci da yawa. An yi shi don ya taimaka, amma yakan dagula adireshin da ke cikin saƙon, har kira ya yanke bayan 'yan daƙiƙoƙi. Masu aikin sadarwa kan fara da kashe shi.

Masu amfani da rautar sim ta 4G da 5G, da masu Starlink da ta fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, galibi suna raba adireshin intanet ɗaya da wasu mutane masu yawa. Waya tana aiki a haka, amma duk gyaran da ya shafi buɗe ƙofa daga waje ba ya hannunka. Sannan a jona tarho da kebul, kada a dogara da Wi-Fi, a kuma sa rauta ta fifita murya a kan sauran kaya, domin kada yara su buɗe YouTube maganar kakarsu ta fara tsinkewa.

Inda sabar kamfanin take ma abin dubawa ne. Idan a Turai take, kiran da ka yi daga Wuse zuwa Garki zai gangara Legas, ya bi ƙarƙashin teku, sannan ya dawo. Ranar 14 ga Maris, 2024, da kebul huɗu na teku, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ayyukan da suka dogara da sabar waje ne suka fi jin jiki. An kafa cibiyar musayar intanet ta IXPN a 2006 domin abin da ya tashi a gida ya tsaya a gida.

Wuta, gaggawa da ɓarayi

Tsohon layi yana da wata falala da aka manta: wutarsa, bolt 48, daga ofishin waya take zuwa ta cikin tagullar, ko NEPA ta ɗauke yana aiki. Yau akwatin fayiba da rauta da ATA duk a soket ɗin gidanka suke. Ko unguwannin da kamfanin rarraba wuta na AEDC ya sa a rukunin Band A, alkawarin awa 20 aka yi musu a rana, ban da ranakun da babban layin ƙasa ya faɗi. Sauƙin abin shi ne na'urorin uku da wuya su haura wat 30 gaba ɗaya. Ɗan batirin ajiya mai bolt 12 ko ƙaramar inbata da sola sun isa su riƙe su. Ingila ma, da ke shirin rufe tsofaffin layukanta a Janairun 2027, wannan batu na wuta yana cikin abin da ya fi damunta game da tsofaffi da marasa lafiya.

Kada a ɗauka lambar gaggawa ta 112 tana shiga daga kowane layin intanet. A tambayi kamfani, kuma a bar salula mai caji a gida ko yaya.

Sai ɓarayi. Dare da rana akwai kwamfutocin da ke laluben intanet suna neman ƙofar SIP, mai lamba 5060, da aka bari a buɗe da kalmar sirri ta masana'anta. In sun samu, sai su kwana suna kiran lambobin ƙasashen waje masu tsada, su raba ribar, kai a kawo maka bil. Ka sauya kalmar sirri tun ranar farko, ka rufe kiran waje in ba ka buƙata, ka zaɓi tsarin biya kafin amfani domin asara ta tsaya iya abin da ka loda. Kuma duk wanda ya ce ka ajiye masa akwati mai cike da sim a gidanka don shigo da kiran waje da fuskar lambar gida, ka sani wannan ita ce haramtacciyar harkar da NCC ta yi ta yaƙa da ita a 2017 da 2018.

Wa ya kamata ya bi wannan hanya? Wanda ke da layin intanet mai tsayawa, da wutar ajiya, da haƙurin zama ya karanta shafin saiti, ko yana da wanda zai kira. Ribarsa a fili take: in ya sauya kamfani ba sai ya sake sayen kaya ba, kuma shi ke da iko da abin da ke shiga gidansa. Amma ranar da waya ta yi shiru, kamfani zai duba nasa ɓangaren ya ce lafiya lau, sauran aikin na mai kaya ne. Wanda ba ya son wannan ɗawainiya, ya karɓi akwatin kamfani, ya riƙe lambar 622 ta NCC don kai ƙorafi in an gaza masa. Wanda kuma ya zaɓi nasa, ya nemi amsar abu huɗu a rubuce: za a ba shi bayanan SIP, za a mai da akwatin gada, ina sabar take, kuma 112 tana shiga? Ya biya wata ɗaya ya gwada, kafin ya ɗaure kansa da kuɗin shekara.