Awon Sukari a Jini Bayan Cin Abinci, da Yadda Ake Tabbatar da Ciwon Sukari

Sau da yawa ma'aikaci yakan tashi daga kan kwanon tuwo, ya soki yatsa, ya ga na'urar awo ta nuna 160, sai hankalinsa ya tashi, ya ɗauka ciwon sukari ya kama shi. Wani kuwa yakan auna da sassafe ya ga 95, ya sakankance cewa lafiya lau yake. Dukkansu biyu suna iya yin kuskure, domin adadin ba ya nuna kome sai an san lokacin da aka ɗebi jinin.

Dalili kuwa shi ne, duk abinci mai sitaci, watau irin su tuwo da shinkafa da doya da fura, yakan narke a hanji ya zama sukari, sa'an nan ya shiga jini. Wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin, shi kuma ya shigar da sukarin cikin tsoka da hanta. A jikin mai lafiya sukari yakan kai ƙololuwa wajen sa'a guda bayan fara cin abinci, kana ya sauko cikin sa'a biyu zuwa uku. Saboda haka hawansa bayan ƙoshi ba cuta ba ne. Daɗewarsa a sama ita ce abar tsoro.

Ana ƙidaya sukari da miligiram a cikin kowace desilita ta jini. Idan mutum ya kwana bai ci kome ba har sa'a 8, ƙasa da 100 lafiya ce, 126 zuwa sama kuwa alamar ciwon sukari ce. Dā can iyakar 140 ce, sai a 1997 masana a Amurka suka sauko da ita. Akwai kuma gwajin da ake bai wa mutum ruwa mai giram 75 na gulukos ya sha, a auna shi bayan sa'a biyu. Ƙasa da 140 lafiya ce, 140 zuwa 199 gargaɗi ne, 200 zuwa sama ciwo ne. Wannan gwaji yakan tona asirin cutar tun awon sassafe yana nuna kamar ba kome.

Har ila yau akwai gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Kashi 6.5 cikin ɗari zuwa sama shi ne ciwo, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2011. Amma fa yakan yi ƙarya ga masu amosanin jini, waɗanda ke da yawa a Nijeriya. Taruwar tururuwa a kan fitsari ma ba abin jira ba ce, gama sukari ba ya malala cikin fitsari sai ya haura wajen 180 a jini.

Na'urar gida ta lura ce kawai, ba ta yanke hukunci. Ko ɗanƙon mangwaro a yatsa yana iya ɗaga adadin, don haka a wanke hannu tukuna. Tabbaci sai da jinin jijiya a ɗakin gwaji, kuma akan maimaita a wata rana, sai dai in ga ƙishirwa da yawan fitsari da rama sun bayyana. Wanda aka gano nasa da wuri yana da damar tsare idonsa da ƙodarsa da ƙafafunsa kafin cutar ta yi musu lahani.