Zuƙe mugunya da roba ba tare da tiyata ba: shirin da ya kamata mara lafiya ya yi

A da, idan mugunya ta taru a hanta ko ƙoda ko wani lungu na ciki, galibi sai an yanka an buɗe. Yanzu likita kan huda fata ya zura siririyar roba, yana bin hoton ekografi ko na sikana, har ta isa inda mugunyar take, sannan ta riƙa tsiyaya cikin leda. Allurar kashe zafi ake yi a wurin, mutum yana farke, kuma aikin bai cika wuce awa ɗaya ba. Ba kowane ƙurjin ciki ne ke buƙatar haka ba: yawancin ƙurjin hanta na ƙwayar amiba yana warkewa da metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl. Ana sa roba ne idan ƙurjin ya yi girma ko ya ƙi jin magani.

Babban abin tsoro a wannan aiki shi ne zubar jini ta ciki. Shi ya sa ake ɗibar jini tukuna a auna saurin daskarewarsa, kuma dole likita ya san duk maganin da mara lafiya ke sha. A nan ne masu ƙetara iyaka neman magani ke shiga matsala, domin magani ɗaya kan sha bamban da suna. Wanda ke shan Kardegic a Nijar ko Kamaru, asfirin yake sha. Sintrom da ake rubutawa a ƙasashen da ke amfani da Faransanci aikinsa ɗaya da wafarin da aka saba da shi a Najeriya da Ghana: duka tsinka jini suke yi. Mafita ita ce a zo da kwalayen magungunan, har da na gargajiya, tare da takardun gwaji da hotunan da aka ɗauka a baya. Ana dakatar da wafarin kamar kwana 5 kafin aikin, amma kada mai ciwon zuciya ya daina da kansa, sai da umarnin likita.

Idan za a ba da maganin da ke sa gyangyaɗi, ana barin abinci awa 6 kafin lokacin, ruwa kuma awa 2. Mai ciwon sukari ya tambayi yadda zai yi da insulin ko ƙwayoyinsa, kada sukari ya faɗi saboda yunwa. Mace mai juna biyu ta faɗa tun da wuri, domin sikana na amfani da haske mai ratsa jiki, ekografi kuwa ba ta yi. Haka wanda wata allura ta taɓa sa masa ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi.

Robar kan zauna kwanaki, wani lokaci makonni, har abin da ke fita ya ragu sosai. Don haka wanda ya zo daga nesa ya zo da ɗan jinya, ya kuma tanadi masauki kusa da asibiti. Kafin sallama, ɗan jinyar ya koyi zubar da leda da rubuta adadin da ya fita kullum. Zazzaɓi mai zafi, jan jini a cikin leda, ko zamewar roba, duk dalili ne na komawa asibiti nan take.