Kalmar "Asperity" da Makwafinta a Hausa

Daga cikin kalmomin Turanci da kan ba ɗalibai wahala wajen fassara akwai "asperity". Asalinta daga Latin ne, inda "asper" ke nufin abu mai kaushi. Ta biyo ta tsohon Faransanci, ta shiga Turanci tun cikin ƙarni na 13. Daga wannan saiwa kuma aka sami "exasperate", watau a fusata mutum. Amma ba ta da dangantaka da "aspire", ko da ya ke sun yi kama a ido.

Ɗalibi ya kan duba ƙamus, ya ga kaushi, ya ɗauka magana ta ƙare. To, ba nan take ba. Bature ba ya cewa bango ko tafin ƙafa yana da "asperity". A nan "roughness" ya ke cewa. Ita "asperity" kalmar littafi ce, kuma galibi halin murya ta ke sifantawa. In marubuci ya ce wance ta amsa "with some asperity", nufinsa ta amsa a taƙaice, cikin ɗan zafi, haƙurinta ya soma ƙarewa. Ba zagi a ciki, ba tsawa. Wanda ya fassara wannan da "ta yi masa faɗa" ya wuce wuri, ya kuwa ɓata wa ɗalibansa hoton matar.

A ganina Hausa ba ta rasa abin da ya dace ba. Kaushi yana cikin sunayen da F. W. Parsons ya yi nazari a 1955, irin su zafi da kaifi, waɗanda a kan ciro sifa da aikatau daga jikinsu: zafi, zazzafa, zafafa, kaushi, kakkausa, kausasa. Saboda haka "ta ɗan kausasa murya" ya fi kusa. Wannan "ɗan" kuwa kada a yar da shi, shi ne ya ɗauki nauyin "some".

Jam'inta, "asperities", wani lokaci tsanani ya ke nufi, kamar na hunturu. A wurin masana kimiyya kaɗai ma'anar fari ta zauna daram. Bowden da Tabor, cikin littafinsu na 1950 a kan gugar abubuwa, sun nuna cewa ƙarfe biyu, kome santsinsu, a kan 'yan tsinin da ido ba ya gani su ke haɗuwa, kuma da wannan suna su ke kiran tsinin. A nan malami ya ce "ƙananan tudun fuskar ƙarfe", gama kaushi kawai ba zai nuna cewa ana iya ƙidaya su ba.