Aron Gurbi a Cikin Kwamfuta

Duk ɗalibin da ya soma koyon rubuta shirin kwamfuta da harshen C yakan yi tuntuɓe wajen ajiye kalmomi. Dennis Ritchie ne ya ƙago harshen nan a Amurka a 1972, ya kuma bar wa mai rubutu nauyin lura da ma'ajiyar kwamfuta da kansa.

Ku ɗauki ma'ajiyar kamar jerin gurabu, kowane gurbi ana kiransa bayit, kuma harafi ɗaya yake ɗauka. To, sunan Audu gurbi nawa zai ci? Yawancinmu za mu ce 4. Amsar kuwa 5 ce, gama C yakan sa alamar \0 a ƙarshe don kwamfuta ta san inda kalma ta tsaya. Ga kuma wani tarko ga masu rubutu da Hausa: a tsarin UTF-8, haruffan ƙ, ɗ da ɓ kowanne gurbi 2 yake ci. Saboda haka kalmar ƙasa tana bukatar gurbi 6.

Sau da yawa ba mu san tsawon abin da mutum zai rubuta ba sai shiri ya soma aiki. A nan ne muke aron gurabu da umarnin malloc. Kafin mu zuba kome, sai mu duba ko an ba mu, domin in babu wuri, NULL za a dawo mana da shi. Idan mun gama, mu mayar da umarnin free. Wanda ya ƙi mayarwa kamar mai aron kujerun coci ne don biki ya riƙe. A kwana a tashi sai a rasa wurin zama. Gurbin da aka mayar kuma ba namu ba ne, kada mu sake taɓa shi.

Sakaci a nan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Nuwamba 1988 wani shiri da Robert Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell, ya saki ya tsayar da dubban kwamfutoci. Ɗaya daga cikin ƙofofin da ya bi ita ce umarnin gets, wanda yake karɓar haruffa ba ya duba ko akwai wuri, har su malala cikin gurabun da ba nasu ba. A 2011 aka cire gets daga ƙa'idar C. Ku yi amfani da fgets, wanda ake faɗa masa iyaka.

'Yan'uwa ɗalibai, ku ƙirga da kyau, ku ƙara ɗaya, ku mayar da abin da kuka ara. Riƙon amana ke nan, ko a gaban kwamfuta.