Majigin ƙauye: yadda bidiyo ke koyar da ciyar da yara a jihar Maraɗi

A gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji ana noman gero, wake da gujiya, amma tamowa ba ta rabu da yara ba. Tun yunwar 2005 aka fahimci cewa rumbu cike ba shi ke hana yaro ramewa ba. Sau da yawa matsalar tana wajen abin da ake ba shi, da lokacin da ake ba shi.

A 2015 shirin SPRING, da tallafin hukumar USAID ta Amurka, ya haɗa kai da ƙungiyar Digital Green suka gwada wata dabara a wasu ƙauyukan jihar, bayan an gwada ta a Indiya. Ana ɗaukar gajeren bidiyo da Hausa, kuma masu fitowa ciki mutanen ƙauye ne, a gidajensu, da tukwanensu. A gyara hoton a kwamfuta, a zuba shi cikin wata 'yar na'urar majigi mai aiki da batir, wadda ba ta fi tafin hannu ba. Sai a haska a bango ko a farin zane, ba a jiran kuran.

Mai jagora kan tsayar da bidiyon ya yi tambaya, a tattauna, sannan a bi mutane gida a ga ko sun gwada. Darussan sanannu ne: nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa; daga nan kunu mai kauri da aka ƙara wa gujiya, wake ko zogale; wanke hannu da sabulu kafin ciyar da yaro.

Duk wannan ana faɗa a likita shekara da shekaru. Bambancin shi ne mace ta ga wata irinta, mai irin talaucinta, tana yi. Kuma an nuna wa maza, wanda a ganina shi ne mafi muhimmanci, domin maigida ke riƙe da makullin rumbu da kuɗin cefane. Kaka ma, wadda ke cewa jariri na jin ƙishirwa a zafin bazara, ta fi yarda da tsohuwa 'yar'uwarta.

Sai dai bidiyo ba ya sayen ƙwai, kuma shirin SPRING ya ƙare a 2018. Yau salula ta shiga ƙauyuka, ana tura bidiyo ta WhatsApp da katin memori, amma a gidaje da dama wayar tana aljihun maigida, ya tafi da ita kasuwa ko ci-rani.