Daga Inkil zuwa Wikki: Hutun iyali da ba ya buƙatar biza

Duk wanda ya bar birnin Bauchi ta hanyar Gombe, sai ya ratsa Inkil. Daga nan gari ke fara sakin matafiyi, shaguna su ragu, gonaki da duwatsu su bayyana. Sai dai da yawa daga cikin ma'aikatan tarayya 'yan asalin jihar, waɗanda ke dawowa gida daga Abuja da Sallah ko ƙarshen shekara, ba su taɓa wuce nan da iyalansu don shaƙatawa ba. Hutun kan ƙare ne a zaure, tsakanin gaishe-gaishe da ɗaurin aure da masu neman alfarma, yara kuwa suna ɗaki suna latsa waya.

A Ingila, fita da yara zuwa karkara al'ada ce mai tushe. Ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895, tana kula da tsofaffin gidaje da dazuzzuka, kuma kuɗin masu ziyara na cikin abin da ke riƙe da ita. Abin da ke gaban Inkil bai gaza nasu ba, masu zuwa ne suka yi ƙaranci.

Idan aka isa Dindima, inda gada ta haye kogin Gongola, ana barin titin Gombe a nufi Yankari da ke Ƙaramar Hukumar Alkaleri. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Daga ƙofar shiga ta Mainamaji zuwa masaukin Wikki akwai sama da kilomita 40 cikin daji, saboda haka a sha mai tun daga gari.

Maɓuɓɓugar Wikki ce abin da yaro ba zai manta ba. Ruwan na fitowa daga gindin wani dutse, garau har ana hango yashin ƙasa, kuma ɗuminsa na nan a kan digiri 31, da hunturu da bazara. Akwai gefen da bai da zurfi, inda ƙanana za su yi wasa a gaban iyayensu. Gargaɗi ɗaya: gwaggon biri na nan ya saba da mutane, ya kuma san ledar abinci. Wanda ya bar tagar mota a buɗe, to ya yi sadaka da guzurinsa.

Ganin namun daji kuwa sai an zaɓi lokaci. Da damina ciyawa kan rufe komai, dabbobi su bazu. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, idan tafkuna sun ƙafe, sai ɓauna da gwanki da gwambaza su gangaro kogin Gaji. Giwa ma a nan ake sa ran haɗuwa da ita, amma ba wanda zai yi maka alkawari. Farautar hauren giwa ta rage garken ƙwarai a shekarun baya, duk da cewa har yanzu yana cikin mafi girma da suka saura a Najeriya. Zaki ya zama sai mai rabo. Masu gadin dajin na aiki tare da ƙungiyar WCS, amma gandun da masu tsara kasafi da mataimakansu ba su taɓa takawa ba, da wuya a tuna da shi ranar rabon kuɗi.

Wanda bai da kwana biyu, yana da zaɓi a kusa. Kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, yana cikin gari, kuma an ajiye wasu kayayyakinsa a wurin. Gandun Sumu da ke Ganjuwa na da raƙumin dawa da jakin dawa da aka kawo daga Namibiya.

Mai niyyar Yankari ya tambayi halin hanya da na masauki kafin ya tashi, ya wuce Inkil da hantsi, domin ya isa Mainamaji da sauran rana.